Gida a tsohuwar unguwa a Ingila: me doka ta bari a gyara?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum. Gidan jan bulo ne a unguwar da hukuma ta keɓe saboda tarihi, kuma yana cikin rajistar gine-ginen tarihi a mataki na biyu. Gindin bangon yana jan danshi, tagogin katako sun fara ruɓewa. Za a iya sa tagar roba a shafe bangon da siminti?

Baban_Sadiq:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Dokoki biyu ne a kanki. Kariyar unguwa, wadda aka fara a 1967 da garin Stamford, ta fi kula da fuskar gida da bishiyoyi. Rajistar gini kuwa ta kama gidan duka, ciki da waje, har matakala da murhu, da katanga ko ɗakin tsakar gida da aka gina kafin Yulin 1948. A ƙarƙashin dokar 1990, aikin da ya sauya kamannin ginin ba tare da izini ba laifi ne, ana iya cin tara ko ɗauri har shekara biyu. Tagar roba da wuya a yarda. Ki nemi jami'in kula da gine-ginen tarihi na ƙaramar hukuma, ki kai hotuna da zanen aikin. Neman iznin kyauta ne, amsa kan ɗauki mako takwas.

Injiniya_Bala:
Siminti shi ne zai kashe bangon, don Allah kar a sa. Tsohon bango ba shi da rami a tsakiya, yana shan ruwa ya fitar ta layin da ke tsakanin bulo, saboda da kwaɓin farar ƙasa (wato lime) aka gina shi. Siminti ya fi bulon tauri, yana tsare ruwan a ciki, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar bulo ta ɓare.

A fara duba indararo da bututun ruwan sama, da ko ƙasar waje ta hau bango. Ya kamata ta sauka aƙalla milimita 150 ƙasa da daɓen ciki. Sau da yawa nan matsalar take.

In za a cike layin: a ƙwaƙule da hannu, zurfin ya ninka faɗin layin sau biyu, ban da injin yanka domin yana cin gefen bulo. Awo ɗaya na farar ƙasa, uku na yashi mai kaifi. A jiƙa bango tukuna, a danna kwaɓin sosai, a rufe da jiƙaƙƙen buhu kwana uku zuwa mako. In sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5 a dakata, ba zai kama ba.

Maman_Zara:
Tagar kuma, yawanci gindinta ne kawai ke ruɓewa. Kafinta ya yanke wurin ya ɗora sabon katako, a ƙara gilashi na biyu daga ciki don sanyi. Yaya, in saye za a yi, lauya ya nemi takardun izinin duk gyaran baya, domin umarnin mayar da gini yadda yake ba ya tsufa, kuma kan mai gidan yanzu yake faɗawa. Bishiyar da kaurinta ya wuce milimita 75 ma sai an ba hukuma sanarwar mako shida kafin a sare.