Gemun ɗan'uwa ko abin da ya ci Doma?

Ɗan Tsakuwa:
Salam jama'a, musu muke da wani abokina tun jiya. A watan Agusta 1999 girgizar ƙasa ta afka wa Izmit a Turkiyya, mutum sama da dubu 17 suka rasu, sai ga Girka cikin ƙasashen farko da suka turo masu ceto da magunguna, alhali a 1996 saura ƙiris su gwabza yaƙi a kan wani ɗan tsibiri da ko mutum ɗaya ba ya zama a kai. Ni nace wannan shi ne "in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa", shi kuma yace sam ba wurinta bane.

Inna Mai Koko:
Ɗana abokinka ya fi ka gaskiya. Sake karanta maganar, NAKA gemun aka ce ka shafa wa ruwa ba nashi ba. Gargaɗi ce, ka ɗau darasi ka kare kanka. Su kuwa Girkawa ruwan nasu suka ɗauka suka je kashe wutar maƙwabci.

Bakatsine:
Inna ai kashe wutar maƙwabci ma shafa wa gemunka ruwa ne, in danga ɗaya ta raba ku ina wutar za ta tsaya? Amma dai ni "abin da ya ci Doma ba ya barin Awe" nake ganin tafi zama daidai, don sati uku kacal bayan nan wata girgizar ta faɗa Athens, babban birnin Girka, ta kashe mutum 143, Turkawa suma suka tura nasu masu ceton.

Inna Mai Koko:
To amma ranar da suka kai taimakon sun san tasu na tafe? Basu sani ba. Ni nan ne abin yake taɓa min zuciya wlh, mutum na ƙarƙashin gini yana numfashi kai kana tono da hannunka, ba wanda ke tuna rigimar teku a wannan lokacin.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Hajiya ban ƙi taki ba, sai dai gwamnati ba ta tafiya da zuciya kaɗai. A Disambar 1999 Girka ta janye adawarta, aka karɓi Turkiyya a matsayin mai neman shiga Tarayyar Turai. Amma rigimar tsibirin Cyprus da iyakar teku na nan har gobe, duk da a 2023 ma da wata girgizar ta afka wa Turkiyya Girkawa sun sake zuwa tono mutane.

Ɗan Tsakuwa:
Na janye ta gemun, Inna. Amma Malam ta Doman ma ai tsoro ne a cikinta, ni wadda ke nuna an ajiye gaba saboda tausayi nake nema, wa ya san wata?