Wai masu kuɗi ne kaɗai ke zubar da abinci a duniya?

Ummu_Khairat:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani ku warware min wani abu. Akwai hotunan nan da ke ta yawo na wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Menzel, shi da matarsa suka zagaya ƙasashe 24 suka ɗauki iyalai 30, kowane iyali an jera musu cefanen sati guda a gabansu, a 2005 aka fitar da su. Teburin iyalin Jamus ba masaka tsinke, kwalabe da kwalaye da nama a leda, wajen dala 500 a sati. Na Meksiko kuma manyan kwalaben lemo ne jere a bayansu. Sai ga wasu 'yan gudun hijirar Darfur a sansani a Chadi, 'yan ƙullin hatsi ne da wake da ɗan mai, abin da ya fita daga aljihunsu dala ɗaya da 'yan kai, sauran duk na agaji ne. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Tambayata, wancan tulin abincin ana cinye shi kuwa? Ni a ganina mai shi ne ke zubarwa, talaka ina ya ga na zubarwa, amma wata ƙawata ta ce bincike ya nuna ba haka ba ne, to wanne ne gaskiya?

Malam_Bashir:
Wa alaikumus salam. Malama ke da ƙawarki kowa akwai inda ya dogara. A 2011 hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa ba ya shiga cikin kowa, wajen tan biliyan 1.3 a shekara, kuma ta ƙiyasta mutum ɗaya a Turai da Amurka ta Arewa yana zubar da kilo 95 zuwa 115 a shekara, na Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya kuwa kilo 6 zuwa 11 kacal. Wannan ita ce maganarki, kuma an daɗe a kanta.

To daga baya hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta tattaro awon da aka yi na sharar gidaje, wato a zazzage bola a ware abinci a ɗora a sikeli, sai lissafi ya canja. Rahotonta na 2024 ya ce a 2022 an zubar da tan biliyan 1.05, kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito, sauran daga gidajen abinci da kantuna, a gida kaɗai kowane mutum kilo 79 a shekara, kuma tsakanin ƙasashe masu arziki da masu matsakaicin ƙarfi bambancin bai wuce kilo 7 ba. Har ma an ga ƙasashe masu zafi sun fi zubarwa, ana ganin dalili shi ne ɗanyen kaya ake saya ba na gwangwani ba, ga zafi ga ƙarancin firij, abin da aka dafa da rana kafin safiya ya yi tsami.

Sannan akwai asarar da hoton cefane ba zai taɓa nuna miki ba, wadda ake yi tun kafin kaya ya iso kasuwa, FAO ta sa ta kusan kashi 14 cikin 100. Hatsi ƙwari su cinye a rumbu, kayan lambu su ruɓe a bayan mota saboda hanya ba kyau, kifi ya lalace ba ƙanƙara. Wannan a ƙasashe marasa ƙarfi ta fi yawa, kuma manomi ne ke kwana a ciki.

Hajiya_Maman_Yara:
Malam Bashir ka yi bayani amma ni fa ban gamsu duka ba. Shi awon na UNEP har da ɓawo da ƙashi da ƙaya ake lissafawa, to wadda ta fere ɗanyen kaya ta zubar da ɓawo ai ba ɗaya take da wanda ya jefa burodi sukutum a bola don ya kwana biyu ba. Wanda ya sayi abinci a kwali an riga an fere masa a masana'anta, ɓawonsa can ya tsaya, bai shigo kwandon gidansa ba balle a auna. Kuma ƙasashen da suka fi kowa talauci ba su ma shiga kwatancen ba don ba a auna shararsu sosai ba, saboda haka kar wani ya tashi da cewa iyalin sansanin Chadi suna zubarwa kamar na Jamus, wannan ba adalci ba ne.

Ni abin da ya fi damuna a hotunan ma shi ne wa abin ya fi yi wa ciwo. Tun 1857 wani Bajamushe Ernst Engel ya lura cewa iya talaucin gida iya yawan kason da abinci ke ci a cikin samunsa. Ba'amurke abin da yake kashewa a cefanen gida bai kai kashi 10 cikin 100 na kashe-kashensa ba, alhali akwai ƙasashen da rabin abin da gida ya samu a tukunya yake ƙarewa. Shi ya sa wancan zai manta da ganye a ƙasan firij sai ya narke ya zama ruwa a leda ko a jikinsa, wannan kuwa in tukunya ɗaya ta lalace ranar ta tafi ke nan. Ga kuma abin da ke cikin kwanon, a Amurka mutum na cin nama sama da kilo 100 a shekara, a Indiya bai kai kilo 10 ba, a Bangladesh shinkafa kaɗai ke ba da fiye da rabin ƙarfin da jiki ke samu. Kilo ɗaya na naman sa da aka zubar ka lissafa ruwa da abincin dabbar da suka bi shi, ai ba za ka haɗa shi da kilo ɗaya na ɓawo ba.

Abdul_Seoul:
Hajiya gaskiyarki a kan ɓawo. Ni ina karatu a Koriya ta Kudu, bari in faɗa muku yadda ake yi a nan. Tun 2005 aka hana kai ragowar abinci juji a binne, daga 2013 kuma ya zama sai ka biya kafin ka zubar, ko ka sayi leda ta musamman ko ka je na'urar da ke ƙasan bene ka manna kati murfi ya buɗe ka juye, ta auna ta rubuta maka kuɗi a lissafin wata. Kuɗin ba wani yawa ba ne amma ganin lambar a fuskar na'urar kaɗai ya isa, za ka ga mutane na matse ruwan ragowar abinci kafin su sauko don nauyin ya ragu, wasu ma a firiza suke tara shi don kar ya yi wari. Ƙashi da ɓawon ƙwai ba a yarda ka haɗa ba, saboda abincin dabbobi da taki da gas ake yi da shi. Yanzu sama da kashi 90 cikin 100 ake sarrafawa. Sai dai sarrafawa daban rage zubarwa daban, gidajen abincinsu har yanzu ƙananan kwanoni ake jera maka fal tebur kuma da yawa ba a cinyewa.

Ummu_Khairat:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura abu ɗaya, su kantunan da kaya ke ekspaya a hannunsu fa, juji suke kaiwa?

Malam_Bashir:
A da haka ake yi, har akwai masu zuba wa kayan sinadarin wanki don kar a tsinta. Faransa ta hana wannan a 2016, ta wajabta wa manyan kantuna su ba ƙungiyoyin agaji abin da bai sayu ba matuƙar yana ciyuwa. A Birtaniya kuma kwanan watan da ake bugawa ne ya rikita mutane, iri biyu ne, ɗaya na lafiya ne in ya wuce kar ka ci, ɗayan na inganci ne kawai, amma mutane da sun ga rana ta wuce sai bola, shi ya sa babban kantin nan Tesco ya cire na biyun daga kan 'ya'yan itatuwa da kayan lambu da dama a 2018. China ma ta yi doka a 2021 da ta ba gidan abinci damar cajin wanda ya yi oda ya bar tuli a faranti. Hajiya na karɓi gyaranki a kan ƙasashen da ba a auna ba, amma ina nan a kan cewa firij da hanya mai kyau da wurin ajiya za su ceci abinci a ƙasashe masu zafi fiye da kowace tara.