Agolana ɗan Meziko ba ya min magana, zane kawai yake, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa riƙon agola ko su kansu aka riƙe su. Ina zaune a Guadalajara ta jihar Jalisco a Meziko, aiki ne ya kawo ni, bara na auri wata ƴar garin da mijinta ya rasu ya bar ta da yaro ɗaya, shekararsa takwas yanzu. Yaron nan wallahi ba rashin kunya yake min ba, da ma ita ce da na san abin yi, kawai dai ya maida ni kamar kujerar falo. Wata goma muna gida ɗaya har yau señor yake ce min, irin yadda za ka ce wa baƙo malam. To kwanaki kakarsa ta wajen uba ta kawo masa ɗan akwatin fenti na ruwa, tun ranar yaro ya tare a teburin kicin, kofin shayina ma ya ƙwace yana wanke buroshi a ciki har ruwan ya koma kalar kunun kanwa. Ya zana karen maƙwabta, ya zana bas, ya zana mamansa, babansa marigayi kuwa ya fi sau ashirin. Ni ko a lungun takarda babu ni. Na san abin kunya ne babba da ni ina kishi da mamaci amma abin yana min ciwo.

Ƴar Katsina: Wa alaikumus salam yayana. Ni agola ce, ina shekara bakwai Innarmu ta sake aure ta tafi da ni. Abin da na fi tsana a gidan shi ne ƴan uwan mijin da kullum sai sun ce ke ba za ki ce Baba ba, sai in ji kamar in na faɗa na ci amanar nawa uban. Shi bawan Allah bai taɓa nema ba. Ya lura ina zanen lalle a bayan littafin makaranta, sai kawai in tashi in ga sabon biro ja a kan tagar ɗakinmu, ba ya cewa komai, in ya ƙare wani ya zo. Na kai aji uku a sakandare kafin bakina ya iya cewa Baba, kuma ranar da na faɗa ban ma san na faɗa ba. Ka bar masa kofin nan don Allah, ka sayi wani.

Mai shago a Maradi: Ni kuskuren da na yi ke nan zan faɗa maka. Da na auri uwar yarana ta zo da ɗiya, na dinga jibga mata kaya, takalmi, ƴar tsana, har keke, yarinya ta ɗauka sayen ta nake, ta ƙara ja baya. Kar ka je ka kwaso masa fenti na kuɗi masu yawa, zai ga kana gasa da kakar tasa ne.

Anti daga Chicago: Ina aikin kula da yara bayan an tashi makaranta a wajen unguwar Pilsen, rabin yarana ƴan asalin Meziko ne, kuma abin da kake faɗa na gan shi da idona. Akwai wata yarinya ƴar shekara tara da babanta ya yi sabon aure, madrastra suke cewa matar uba, padrastro kuma mijin uwa, kai ke nan. Wata uku tana zana gidansu da mutum uku, ita da babanta da ƙaninta, matar uban ba ta ciki. Rannan sai ga hannu kawai ya leƙo ta gefen takarda riƙe da faranti, na ce hannun wa, ta ce na matar babana ne tana kawo abinci. Sai da aka ƙara wata biyu aka samu fuska. Sannan ka sani su zane ba wasan yara kawai ba ne a wajensu, bangon unguwar nan duk zane ne, ga gidan tarihin fasahar Meziko a nan Pilsen ɗin shiga kyauta, yarana duk sun san mai zanen Meziko Frida Kahlo da girar nan tata a haɗe, wadda ta kama zane tana kwance a gado bayan haɗarin bas a 1925. Abu ɗaya kuma, ranar 1 da 2 ga Nuwamba na zuwa, lokacin da suke tuna mamatansu, za su jera tebur da hoton marigayi da kyandir da furanni ruwan lemo da abincin da yake so. Ina zargin hotunan baban nan da yake ta yi na teburin ne.

Abban yara: Ni fa abin da ya tsaya min shi ne zanen mai rai a gidan Musulmi, kun san akwai magana a kai. Amma zan faɗi nawa, na taɓa yaga littafin zanen ƙanina gaba ɗaya saboda wannan dalilin muna yara, yau shekara ashirin da wani abu in muka yi faɗa sai ya tuno min. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi game da kanka, shi kuwa yaro maraya ne kuma ba a addininmu ya tashi ba, in ka fara da hani ka rasa shi.

Ƴar Katsina: Abban yara ka burge ni wallahi, na zata wa'azi za ka yi mana har gobe.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Anti kin canka, na tambayi mamansa ta ce na teburin ne, wai yana neman wanda ya fi kama da baban don ya fara manta fuskarsa. Jikina ya yi sanyi da na ji haka. To ranar Asabar na ce masa zan je Cabañas ko zai raka ni, ban ce zan kai shi ba, na ce ya raka ni. Tsohon gidan marayu ne a tsakiyar gari da aka maida gidan tarihi, José Clemente Orozco ya zane bango da rufin babban ɗakin a ƙarshen shekarun 1930, akwai bencina da mutane suke kwanciya rigingine don su kalli zanen mutumin wuta da ke can ƙololuwar ƙubba. Muka kwanta ni da shi kai da kai, ni da gemuna a gaban ƴan yawon buɗe ido. Can sai ya ce min ko na san mai zanen nan hannu ɗaya gare shi, na hagu ya rasa tun yana saurayi, malamarsu ce ta faɗa musu. Na sani amma na ce ban sani ba, ya yi ta min bayani da sauri har Sifaniyancin nawa ya kasa bin sa. Maganar da ta fi kowace tsawo tsakaninmu ke nan.

Har yanzu dai señor ne. Amma jiya da daddare ya miƙo min kofin ya ce in canjo masa ruwa, kuma ya tambaye ni yaya ake samun kalar fatata, don ruwan ƙasar da ke akwatin nasa ta yi haske da yawa. Na ce ya ɗan ɗiga baƙi, ya ce a'a shuɗi ake sawa.

Anti daga Chicago: Gaskiyarsa, baƙi kashe kalar yake. Kar ka leƙa takardar sai ya nuna maka da kansa.