Wai Tottori ce ta haifi gwanayen manga?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan'uwa. Wani abu ya tsaya mini a rai tun jiya. A wani zaure na ce duk faɗin Japan babu yankin da ya kai Tottori albarkar masu zanen manga, wato labaran zane na Japan, sai aka yi mini caa, wai ina magana kamar na taɓa taka ƙasar. Kwana biyu na yi ina haɗa bayani, ko mutum ɗaya bai tsaya ya karanta ba. To ga shi na kawo muku. Cikin larduna 47 na Japan, Tottori ce ta fi ƙarancin jama'a, ba su kai 600,000 ba. Amma ita ta haifi Shigeru Mizuki mai Kitaro, da Gosho Aoyama mai Conan, da Jiro Taniguchi wanda Faransa ta ba lambar girma a 2011. Filayen jirgin sama biyu gare su, ɗaya an laƙaba masa sunan Kitaro a 2010, ɗayan sunan Conan a 2015. Abin da nake cewa shi ne, ƙaramin gari mai shiru, inda yaro zai zauna gaban tsofaffi ya sha labari, shi ke fitar da mai ba da labari, ba hayaniyar Tokiyo ba.

Malam Bature: Wa alaikumus salam. Ƙanena, gyara kalmarka. "Haifi" ka ce? Mizuki a Osaka aka haife shi, 1922. Daga baya aka kai shi garin Sakaiminato da ke Tottori. Uku ɗinka sun koma biyu.

Ɗan Fagge: Haba Yaya, yana jariri fa aka kai shi. Can ya yi wayo, can ya yi makaranta, can wata tsohuwa da yake kira Nonnonba ta cika masa kai da labarin iskokai, kuma waɗannan labaran su ya ci abinci da su har ya rasu a 2015.

Malam Bature: Ban musa ba. Sai ka ce ta rene shi. Haihuwa daban, reno daban.

Maman Ilham: Malam, da girmanka, ni ban yarda ba. Mace ta je wani gari ta haihu ta dawo ɗakinta, sai a ce ɗan ba ɗan garin ubansa ba ne? Ni a Jos aka haife ni, wata uku aka dawo da ni Zariya, duk wanda ya ce ni ba Bazazzagiya ba ce sai mun yi da shi.

Malam Bature: Hajiya, ban ce ba ɗan gari ba ne. Cewa na yi ba ta haife shi ba.

Maman Ilham: To mahaifa fa? In an tambayi mutum mahaifarsa, asibiti yake faɗa ko garin iyayensa?

Sadiƙu Maraɗi: Hajiya ta fi gaskiya. Osamu Tezuka, wanda ake kira uban manga, a Toyonaka aka haife shi 1928, amma a Takarazuka ya tashi, kuma can aka gina gidan tarihinsa a 1994. Su Japanawan da kansu ba su damu da inda aka yanke cibi ba. A Sakaiminato akwai titi guda mai sunan Mizuki, da gumakan tagulla sama da 170 na halittun da ya zana. Osaka ta yi masa haka?

Malam Bature: Wannan ai neman kuɗin 'yan yawon buɗe ido ne. Gari ya ga ɗa ya yi suna sai ya ce nawa ne. Mai shi kuwa a Chofu, cikin Tokiyo, ya yi yawancin rayuwarsa.

Abba Uzumaki: Duk kun bar babba kuna ta cacar baki kan tsofaffi. Kishimoto mai Naruto ɗan Nagi ne a lardin Okayama, kuma garin iyaka ɗaya yake da Tottori. Shi da tagwayensa Seishi duk masu zane ne. Gida ɗaya mutum biyu! Wane lardi ke da wannan?

Kyaftin Luffi: Kai Abba, ko ana zancen farashin gero sai ka sako Naruto. Abin da ya ƙare tun 2014. One Piece tun 1997 ake bugawa har gobe. Kuma in batun kishin gari ne, Oda mai One Piece ya fi kowa. Da aka yi girgizar ƙasa a lardinsu Kumamoto a 2016, yen miliyan 800 ya bayar, aka kafa gumakan taurarin labarinsa guda 10 a sassan lardin. Naka me ya yi wa Nagi?

Abba Uzumaki: Sadaka sai an yi shela? Kuma labarin da ya ƙi ƙarewa shekara kusan talatin ai ba abin alfahari ba ne. Ka fara kallo kana firamare, ga shi har ka yi aure.

Kyaftin Luffi: Kar ka sako aurena cikin maganar nan, Abba. Ina ganin mutuncinka.

Maman Ilham: Ku yi haƙuri ƙannena. Malam Bature, har yanzu ba ka ba ni amsa ba kan mahaifa.

Malam Bature: Hajiya, kalmar daga haihuwa ta fito. Ba ni na ƙirƙire ta ba.

Anti Zee: Ni abin da ya dame ni daban ne. Ɗan Fagge ya ce "iskokai". Yokai, wato halittun da Mizuki ya zana, ba iskokai ba ne. Akwai laima mai ƙafa ɗaya, akwai bango mai tare wa matafiyi hanya da dare. Dodannin tatsuniya ne, kada a sa yara su ɗauka bori ake koya musu.

Sadiƙu Maraɗi: Anti, dodo ai mai cin mutane ne. Waɗannan wasunsu ma taimako suke yi.

Anti Zee: To kai ka kawo kalmar da ta fi.

Ɗan Fagge: Don Allah jama'a, ba wanda ya taɓa ainihin maganata. Tambayata ita ce, ƙaramin gari ne ke yin mai zane ko babban birni? Abin da aka yi mini jiya shi ake maimaita mini yau, kuma wallahi yana yi mini ciwo.

Malam Bature: Birni mana. Aoyama a Tokiyo ya yi jami'a, kuma manyan kamfanonin bugawa, Shueisha da Shogakukan da Kodansha, duk can suke.

Kyaftin Luffi: Toriyama mai Dragon Ball fa? A Aichi ya zauna yana aika zanensa Tokiyo har ya mutu a 2024.

Abba Uzumaki: Yau kuma Toriyama kake karewa? Ba kai ka ce Dragon Ball ihu ne kawai ba?

Shugaban Zaure: Ya isa haka, dare ya yi, zan rufe. Ga abin da na fahimta. Malam Bature ya tabbatar da cewa Mizuki ba haifaffen Tottori ba ne, saboda haka hujjar Ɗan Fagge ta rage ƙarfi. Hajiya ta kawo misali mai kyau, amma na gida ne. Abba da Kyaftin, ku ƙarasa taku a keɓe. Abin da ya ba ni mamaki, ba wanda ya ambaci Niigata, alhali nan amsar take. Rumiko Takahashi mai Inuyasha a birnin Niigata aka haife ta 1957, Takeshi Obata da ya zana Death Note a nan aka haife shi 1969, Shinji Mizushima, wani gwanin manga, shi ma ɗan nan ne. Ba reno, ba kai jariri, haihuwa ce tsantsa, kuma birnin ya buɗe gidan manga nasa a 2013. Na san za a ce mutanen lardin sun haura miliyan 2, to yawa ai ba laifi ba ne. A wurina Niigata ce ta ɗaya, Tottori ta biyu. Ɗan Fagge, mun gode da ƙoƙari, ka turo mini bayanan naka ta akwati in duba. An rufe sharhi sai da safe.