Shafin shagona ya ɗauke kwana huɗu, kamfanin rajista ya ce bai san ni ba

Baban Ilham, Kano

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan, don abin ya hana ni barci.

Shadda da yadi nake sayarwa a Kantin Kwari. Shekara uku da suka wuce wani yaro, abokin ƙanena, ya buɗe min shafi mai ƙarewa da .com. Na biya shi kuɗin aikinsa, duk shekara kuma ina tura masa na sabuntawa. Adireshin yana jikin ledojinmu da katin shago da allon ƙofa, ta nan ne masu sari daga Kumasi da Yamai suke duba kala kafin su kira. Ranar Talata da safe wata kwastoma ta turo min hoton fuskar wayarta, fari fat, an rubuta ba a samu adireshin ba. Na ɗauka matsalar sabis ce. Sai da azahar na lura imel ɗin shago ma ya tsaya, wani dila ya ce sau biyu yana turo rasit yana dawo masa.

Masu hostin, wato kamfanin da ke ajiye kayan shafin a kwamfutocinsa, sun ce ɓangarensu lafiya ƙalau, hotuna da komai suna nan. Su ne suka sa na duba a lookup.icann.org. Wa'adin rajistar sunan shafin bai ƙare ba, da sauran wata bakwai, amma an rubuta clientHold. Na rubuta wa kamfanin da aka yi rajistar sunan a wurinsa, suka ce ba za su tattauna da ni ba tunda ba ni ne mai asusun ba. Yaron ya tafi karatu waje, layinsa ba ya shiga. Ga Sallah saura mako biyar. Shafin ya tafi ke nan? Ni da nake biyan kuɗin ba ni da hakki?

Sadiq Mai Kwamfuta, Zariya

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka kwantar da hankalinka, bai tafi ba tukuna, amma kada a yi sanya.

Masu hostin gaskiya suka faɗa maka. Su ɗaki suka ba ka haya ka zuba kaya. Sunan da ke kai mutane ɗakin kuwa a wani hannun yake. Babban kundin .com kamfanin Verisign ne ke riƙe da shi, kamfanonin rajista su ne dillalan da ke shigar da suna a ciki bisa ƙa'idojin ICANN, ƙungiyar da ke tsara harkar sunayen shafukan intanet. Wannan clientHold ɗin yana nufin kamfanin rajistarka ya ce a daina nuna wa duniya hanyar zuwa wurinka. Shi ya sa shafi da imel suka mutu lokaci ɗaya.

Tunda wa'adi bai cika ba, abu biyu nake zargi. Na farko, tun yarjejeniyar 2013 tsakanin ICANN da kamfanonin rajista, in aka canja imel ɗin mai suna, dole kamfani ya tura saƙon tantancewa, in kwana 15 suka wuce ba a amsa ba sai a dakatar da sunan. Wannan shi na fi gani, kuma danna mahaɗi ɗaya ke warware shi. Na biyu, ƙorafi. A watan Satumba na 2018 haka aka yi wa Zoho, kamfanin da miliyoyin mutane ke amfani da manhajojinsa: kamfanin rajistarsu ya dakatar da zoho.com saboda ƙorafin saƙonnin damfara, sai da shugabansu Sridhar Vembu ya fito Twitter yana neman a taimaka a haɗa shi da shugabannin kamfanin. Daga baya suka kwashe sunan zuwa wani kamfanin rajista, Cloudflare.

Maganar hakki kuwa, zan faɗa maka ko da ba daɗi. Kamar layin waya ne da aka yi wa rajista da NIN ɗin wani. Kai ke sa kati, kai ake kira, amma ranar da layin ya ɓace shi za a nema a ofis. Kuma tun 2018 da dokar kare bayanai ta Turai ta fara aiki ana ɓoye sunan mai shi a wurin dubawar, don haka mutane da yawa ba sa ma gane ba sunansu ke ciki ba. Ka nemo yaron ta kowace hanya. Ka kuma tara shaidar tura kuɗi da takardar CAC da tsofaffin saƙonninku, ko da za a kai ga jayayya.

Maman Nana, Kaduna

Alhaji sannu, Allah ya kawo mafita. Na ɗanɗana irin wannan a 2022, lokacin da bankuna suka rage abin da katin naira ke iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya ma suka rufe. Ni turaren wuta da humra nake sayarwa. Na saita sabuntawa ta atomatik na saki jiki, ashe kati ya ƙi. Kamfanin rajista sun turo gargaɗi kamar yadda ƙa'idar ICANN ta tilasta masu, wata ɗaya kafin wa'adi, da mako ɗaya kafin, da bayan ya cika. Duk suka tafi wani tsohon akwatin imel da na daina buɗewa tun ina makaranta. Ina asibiti da jinyar mahaifiyata 'yata ta kira ta ce Mama shafinki ya koma tallan wasu mutane.

Kafin in farga sunan shafin ya shiga matakin fansa, wanda kwana 30 ne kacal, bayansa kwana 5 a goge shi kowa ya iya saya. Kuɗin fansar ya ninka na sabuntawa sau da yawa, sai da ɗan'uwana ya biya min da katin dala. Da na karɓo shi na biya shekara biyar gaba ɗaya, ana iya yin har goma. Ranar cikar wa'adin kuma na rubuta ta a bangon littafin bashi, wurin da nake buɗewa kullum.

Abba Gwale

Ni dai a ganina ka bar shi kawai Alhaji. Ka sayi .com.ng da sunanka yau, da naira za ka biya, hukumar NiRA ke kula da shi a nan gida, gobe shafi ya dawo. Bin yaron da ke wata ƙasa ɓata lokaci ne.

Sadiq Mai Kwamfuta, Zariya

Malam Abba, sayen .com.ng shawara ce mai kyau, ni ma zan ce ya yi yau ɗin nan ya sanar a WhatsApp don kada kasuwar Sallah ta wuce shi. Amma barin tsohon ban yarda ba. Sunan yana kan ledoji dubbai a gidajen mutane. In ya faɗi wani ya saye, zai iya buɗe imel iri ɗaya da na shago ya tura wa dilolin Kumasi lambar asusunsa, su kuwa sun saba da adireshin, ba za su yi shakka ba. Duk wani wurin da Alhaji ya yi rajista da wannan imel ɗin ma ana iya neman canjin kalmar sirri ta nan.

Baban Ilham, Kano

Alhamdulillahi, na gode ƙwarai. Jiya bayan la'asar ni da ƙanena muka je gidan su yaron, mahaifiyarsa ta kira shi da sabuwar lambarsa a gabanmu. Malam Sadiq, zarginka na farko ne. Da ya isa can ya canja imel ɗinsa a asusun, saƙon tantancewar ya faɗa cikin tarkacen saƙonni bai gani ba. Muna zaune a tabarma ya danna, kafin isha'i shafi ya buɗe a wayata. Yaron ya yi ta ba da haƙuri, ba mugunta ba ce. Amma ya faɗa min sunayen shaguna tara ne a asusun nasa, duk sun tsaya tare. Raina ya ɓaci da na tuna sauran takwas ɗin, wataƙila har yanzu sabis suke zargi. Yanzu yaya zan mayar da shi sunana?

Sadiq Mai Kwamfuta, Zariya

Madalla. Ka buɗe asusunka da kanka, da imel ɗin da ba ya rataye a kan sunan shagon, don in sunan ya sake tsayawa saƙon gyara ya iso ka. Ka kunna tantancewa mai mataki biyu a wayarka. Mafi sauƙi shi ne ya tura maka sunan zuwa asusunka a cikin kamfani ɗaya, sannan a sa sunanka a matsayin mai shi. In kana son canja kamfani, zai cire makulli ya ba ka lambar EPP, wato lambar sirrin ƙaurar suna, kamfani ba shi da ikon riƙe ta fiye da kwana 5 bayan an nema. Sai dai tunda ya taɓa imel kwanan nan, mai yiwuwa akwai kullen kwana 60, don haka ƙaura sai bayan Sallah. In an gama ka sake dubawa, ka tabbata clientHold ya ɓace, clientTransferProhibited ne a wurin, wato makullin da ke hana a ƙaurar da sunan.

Baban Ilham, Kano

Na buɗe asusun yanzu, ya ce da daddare in ya fito daga aji zai turo. Na kuma karɓi sunayen shagunan takwas, uku a layinmu suke, gobe da safe zan bi su ɗaya bayan ɗaya.