Zuciya na dukan 170, ta yaya ake saita bindiga?

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san biyatlon, wasan nan da ake gudun zamiya a kan dusar ƙanƙara da bindiga a goye, a tsaya a yi harbi, wani a kwance wani a tsaye, a ci gaba. Kulob ɗin garin da nake a nan Jamus suna yin na bazara, gudu da ƙafa sai harbi da bindigar iska a tazarar mita 10, kuma na shiga. In ban yi gudu ba hannuna ba laifi. Amma da na iso ina haki, bakin bindiga sai yawo yake, ina jin bugun zuciyata har a kunne. Me manyan 'yan wasan ke yi? Kuma wa ya kamata in riƙa kallo?

Ɗan Gudun Safe: Wa alaikumus salam. Abin da na ji shi ne suna sakin harsashi ne tsakanin bugu da bugu. Ka gwada ƙirga bugun, ka ja kunama a tsakani.

Malam na Oslo: Ƙanena Ɗan Gudun Safe, wannan maganar ta yaɗu sosai, amma mu yi lissafi. Zuciyar da ke buga 170 a minti ɗaya kusan sau 3 ke nan a kowace daƙiƙa. Ina mutum zai samu tsakani a nan? Mai harbin da ke kwance a natse, zuciyarsa na buga 60, shi zai iya yin hakan. Ɗan biyatlon da numfashi yake aiki.

Baban Amira, ga yadda abin yake. Suna gudu ne da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarshen abin da zuciyarsu za ta iya. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1992 ya auna 'yan wasa ana cikin gasa, ya ga a minti ɗayan ƙarshe kafin filin harbi bugun yana sauka da kamar 10 zuwa 12 ne kawai. Wato sukan ɗan sassauta, ba su tsaya jiran zuciya ta kwanta ba. Aikin yana farawa tun kafin a taka shimfiɗar da ake harbi a kanta: a ja numfashi mai zurfi daga ciki, a fitar da shi sosai, ido na kan tutocin iska. In an kwanta, sai a yi numfashi biyu ko uku, a fitar da mafi yawan iskar, a riƙe na ɗan lokaci, a saki harsashi. A ɗora wani harsashi, numfashi ɗaya ko biyu, a sake riƙewa. Shawarata ta farko, ka zaɓi alama a hanya, itace ko kwana, ka ce daga nan nake fara sassautawa, kuma kullum daga nan ɗin.

Baban Amira: Na gode Malam. To in na tsaya na huta sosai kafin in harba fa? Ba gara in ɓata daƙiƙa 20 in samu duka biyar ɗin ba?

Maman Khalil: Baban Amira, kada ka yi haka, musamman a tsaye. Ɗana yana wannan wasa a ƙaramin kulob, kuma abin da kocinsu ya fi nanata musu ke nan. Idan ka daɗe a kan shimfiɗa, bugun yana raguwa amma kowane ɗaya yana ƙara ƙarfi, sai ka ga bakin bindiga na tsalle da shi. Bugu mai sauri ƙanana ne, ba ya jijjiga bindiga haka. Sannan ƙafafun da suka sha gudu in aka tsayar da su cak sai su kama rawa kamar na mai taka keken ɗinki. Na sha ganin yaro ya samu uku na farko lafiya, ya tsaya yana neman na huɗu ya zauna masa daram, gwiwa ta fara kaɗawa, ya zubar da biyun ƙarshe. Manyan 'yan wasa suna gama harsashi 5 cikin daƙiƙa 25 zuwa 30 a kwance, a tsaye ma sau da yawa ƙasa da haka. In saiti bai zo ba cikin daƙiƙa biyu ko uku na riƙe numfashi, kada ka ci gaba da riƙewa, ido zai fara dishi-dishi. Ka yi numfashi ka sake shiga.

Ɗan Gudun Safe: Allah ya saka, na ƙaru. Wai yaya girman abin da suke harbi ne?

Malam na Oslo: A na dusar ƙanƙara tazara mita 50 ce. A kwance faɗin da'irar santimita 4.5, a tsaye 11.5. Bindigar ba ta gaza kilo 3.5 ba, ƙaramin harsashi mai lamba .22 suke amfani da shi tun 1978. Duk kuskure ɗaya zagayen hukunci ne na mita 150, wanda ke cin daƙiƙa ashirin da wani abu, a tseren ɗaiɗai mai nisa kuma minti ɗaya cur ake ƙara maka. Shi ya sa lissafin yake da daɗi: sassautawar daƙiƙa 5 kafin fili ta fi zagayen hukunci araha, amma tsayuwar daƙiƙa 20 ta kusa cinye ribar.

Yaya Babba: Ni dai abin da nake so Baban Amira ya duba shi ne tsayuwarsa, don sau da yawa ana ɗora wa zuciya laifin da ba nata ba. A kwance akwai maɗaurin da ke haɗa bindiga da damtse. In ka ɗaure shi a kan jijiyar da ke cikin damtse, bugun zai bi ta maɗauri ya shiga bindiga kai tsaye. Ka matsar da shi sama ko ƙasa kaɗan, ka juya shi ya ja ta bayan damtse, za ka ga bambanci nan take. Kuma kada ka shimfiɗa ƙirji da ciki duka a ƙasa. Wasu sukan ɗan janyo gwiwa ɗaya don ciki ya samu wurin numfashi.

A tsaye kuma ƙashi ne ke ɗaukar bindiga, ba tsoka ba. Gwiwar hannun hagu ta zauna a kan ƙugu, ƙugu ya ɗan fita gaba, nauyi ya sauka ta ƙafa zuwa ƙasa. Tsokar da ta gaji rawa take yi, ƙashi ba ruwansa da gajiya.

Sai kunama. A dokar wasan nauyin janta ba ya gaza giram 500. Gwanaye suna cinye mafi yawan wannan nauyin tun suna shigowa da'ira, sai ya rage ɗan kaɗan. Kada ka jira bindiga ta tsaya cak, ba za ta tsaya ba. Ka shigo da ita ta hanya ɗaya kullum, misali daga sama zuwa ƙasa tare da fitar numfashi, ka ƙarasa ja a hankali, ka bar ido a kan saiti bayan harsashi ya fita. Fizgar kunama ta fi bugun zuciya ɓata harbi.

Baban Amira: Yaya, wannan na maɗauri kamar ka gan ni. Can cikin damtse nake matse shi. Wane atisaye za ku ba ni?

Yaya Babba: Guda biyu. Na farko a gida ko a kulob, ba harsashi: ka liƙa ɗigo 5 a bango, ka riƙa ɗaukar tsayuwa, numfashi, ja, saukewa, minti 10 zuwa 15 kullum, har hannu ya haddace. Ka bi dokar ajiye bindiga ta inda kake, ka tabbatar babu komai a cikinta. Na biyu, haɗa gudu da harbi, amma daga ƙasa. Fara da sassarfa, bugu wajen 130. In kana samun 4 ko 5 a kai a kai, ka ɗaga zuwa 145, haka har ka kai gudun gasa. Wanda ya fara daga sama kuskure kawai yake koya wa jikinsa.

Maman Khalil: Ka nemi ma'aunin bugu na ɗaurawa a ƙirji, irin na Polar ko Garmin. Agogon hannu yana makara idan bugu na sauka da sauri, ga sanyi da damƙar sandar zamiya suna ruɗa shi. Ka riƙa rubuta lambar da ka iso da ita da nawa ka samu, bayan wata guda za ka ga inda harbinka ya fi kyau. Na wani ba naka ba ne. Kuma tunda ba yaro ba ne kai, ka bari likita ya duba zuciyar kafin ka fara gudu mai tsanani.

Ɗan Gudun Safe: Babu wani magani da ke rage bugun?

Malam na Oslo: Akwai, na masu hawan jini da ciwon zuciya ne, kuma haramun ne a wasan harbi. A gasar Olamfik ta 2008 a Beijing an ƙwace wa Kim Jong-su na Koriya ta Arewa lambobinsa biyu, azurfa da tagulla, saboda irin wannan magani mai suna propranolol. Ga mai gudu ma cutarwa ce, don zuciyar da aka danne ba ta kai jini yadda ƙafa ke so. Ku nisance shi sai da umarnin likita.

Batun wanda za ka kalla, ka fara da Martin Fourcade na Faransa, wanda ya ci kofin duniya sau 7 a jere daga 2012 zuwa 2018. Ka kalli harbinsa na tsaye na ƙarshe, ka ƙirga numfashinsa tsakanin harsasai, za ka ga tazarar kusan ɗaya ce. Dorothea Wierer ta Italiya don saurin shiga tsayuwa. Ole Einar Bjørndalen na Nowe, mai lambobin Olamfik 13, ya daɗe a wasan har ya haura shekara 40. Johannes Thingnes Bø kuwa ka kalle shi don jin daɗi, amma kada ka kwaikwaye shi yanzu, shi lokacin da yake gasa gudunsa ne ke biyan kuskurensa.

Maman Khalil: Ka haɗa da tseren Kontiolahti a Finlan, inda ake hawan tudu mai tsauri dab da filin wasa, da na Antholz a Italiya da ke kan tudu kusan mita 1,600 sama da teku, inda numfashi ke wuyar dawowa. A can ake ganin wanda ya iya shigowa fili. Oberhof da ke nan kusa da kai kuma iska da hazo ne matsalarsa.

Baban Amira: Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Ranar Asabar zan gyara maɗaurin in fara daga 130. Yaya Babba, a tsaye zan fara ko a kwance?

Yaya Babba: A kwance. Bugu ya fi saurin sauka a can, kuma za ka fi ganin aikin numfashi ƙarara. Na ɗigon bango kuwa ka fi ba tsaye lokaci.