Yesu Allah ne, ko kuwa wanda Allah ya aiko? Tambaya ga masu sani

Mai Neman Sani ya rubuta:

Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Ina da tambaya wadda nake roƙon masu ilimin Littafi Mai Tsarki da tarihin ikilisiya su warware mini ita. A cikin Bisharar Yohanna, Yesu yana yawan ambaton Allah da cewa shi ne wanda ya aiko shi. A addu'arsa ta sura 17 aya 3 ya ce rai madawwami shi ne a san Uba, Allah makaɗaici na gaskiya, a kuma san Yesu Almasihu wanda ya aiko. A 14:28 ya ce Uba ya fi shi girma, a 20:17 kuma ya gaya wa Maryamu Magadaliya cewa zai hau zuwa wurin Allahnsa kuma Allahn almajiransa. Amma wannan Bisharar ɗin ce ta buɗe da cewa Kalman yana tare da Allah, Kalman kuwa Allah ne, kuma a cikinta ne Toma ya kira shi Ubangijinsa da Allahnsa ba tare da Yesu ya tsawata masa ba. A hankalin kowa dai mai aike daban ne, ɗan aike daban. To wane matsayi Kiristoci suka tsaya a kai? Kansu a haɗe yake tun farko? Kuma gaskiya ne abin da ake yawan faɗa, wai sarkin Rum ne ya ɗora wa Yesu Allahntaka a wani taro?

Dattijon Wusasa ya rubuta:

Ɗana, ka yi tambaya mai kyau, kuma ka kyauta da ka jero ayoyin ɓangarorin biyu maimakon ka ɓoye waɗanda ba su yi maka daɗi ba. Amsar mafi yawan Kiristoci, wato Katolika da Otodoks da kusan dukan Furotesta, har da ikilisiyoyin da muka sani a nan gida irin su Angilikan da ECWA da COCIN da Baptis da EYN, ita ce ba a zaɓar ɗaya a bar ɗaya. Aikakke ne, kuma Allah ne. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ma ta kira shi Manzo da Babban Firist a 3:1, bayan ta riga ta ce a farkonta ta wurinsa ne aka halicci duniya. Marubucin bai ga karo tsakanin maganganun biyu ba.

Dalili shi ne aike yana nuna aikin da mutum ya zo yi, ba ya yanke hukunci a kan asalinsa. Yesu da kansa ya bambanta iri biyu na aikakku a misalin manoman gonar inabi da ke Markus sura 12. Mai gona ya yi ta aika bayinsa ɗaya bayan ɗaya, ana dukan wasu ana kashe wasu, daga ƙarshe ya aika ɗansa ƙaunatacce, manoman kuwa suka gane shi ne magaji. Bayi aikakku ne, ɗan ma aikakke ne, amma ba matsayinsu ɗaya ba a gidan. Saboda haka abin dubawa ba ko an aiko shi ba ne, domin babu Kiristan da ke musun haka. Abin dubawa shi ne daga ina aka aiko shi, kuma wane ne shi kafin a aiko shi. An aiko Ishaya da Irmiya daga cikin mutane, shi kuwa Yesu a Yohanna 17:5, ayoyi biyu kacal bayan wadda ka kawo, yana roƙon Uba ya mayar masa da ɗaukakar da yake da ita tare da shi tun kafin duniya ta kasance. A 8:58 ya ce kafin a haifi Ibrahim shi yana nan, masu sauraronsa kuwa suka ɗebi duwatsu.

Ka kuma lura da ayyukan da ya yi. Lokacin da ya ce wa shanyayye an gafarta masa zunubansa, a Markus sura 2, malaman Attaura ba su ce ya yi kuskuren fatawa ba, cewa suka yi ya yi saɓo, domin ba mai gafarta zunubi sai Allah kaɗai. Manzo Bulus kuma, a Filibiyawa sura 2, ya ɗauko kalaman Ishaya 45 inda Ubangiji ya rantse cewa kowace gwiwa za ta durƙusa masa, ya ɗora su a kan Yesu. Bulus Bayahude ne da ya tashi yana karanta cewa Ubangiji Allah ɗaya ne, kuma bai taɓa janye wannan ba. Koyarwar Triniti, wato Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ƙoƙari ne na riƙe waɗannan shaidu duka ba tare da an zubar da ko ɗaya ba.

Malamar Tarihi ta rubuta:

Baba ya yi bayanin aƙida, ni kuma zan taɓa tambayarka ta biyu da ta uku, ɗan'uwa. Kan Kiristoci bai haɗu tun farko ba, amma zancen cewa Sarki Konstantin ne ya ƙirƙiro Allahntakar Yesu ba ya tsayuwa idan aka duba shekaru. Wajen shekara ta 112, wani gwamnan Rum mai suna Filini, wanda ba Kirista ba ne, ya rubuta wa Sarki Tirajan daga lardin Bitiniya cewa Kiristoci sukan taru kafin wayewar gari su rera waƙa ga Almasihu kamar ga abin bauta. A wannan zamanin ne kuma Ignatiyus, bishop na Antakiya, yake kiran Yesu Allahnmu a wasiƙunsa. Wannan fiye da shekara 200 ke nan kafin taron Nikiya.

Akwai dai masu wani ra'ayi tun da wuri. Ebiyonawa, wani rukuni na Yahudawa masu bin Yesu, sun ɗauke shi Almasihu amma mutum kawai. A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda suka ce shi Allah ne zalla, jikinsa kama ce kawai, kuma irin wannan ra'ayi ne 1 Yohanna 4:2 ke yi wa raddi. Abin mamaki ne ga mai karatu na yau cewa ikilisiyar farko ta sha wahala wajen kare mutuntakarsa kamar yadda ta sha wajen kare Allahntakarsa.

Babbar taƙaddamar ta tashi ne a nahiyarmu ta Afirka, a Iskandariya ta ƙasar Masar, wajen shekara ta 318. Wani firist mai suna Ariyus ya yi ja-in-ja da bishop ɗinsa Iskandar. Ya kamata a yi wa Ariyus adalci, domin bai taɓa cewa Yesu annabi ne kawai ba. Ya yarda Ɗan ya riga duniya, ya yarda ta wurinsa aka yi kome, amma ya ce shi ma halitta ne, mafi girman halittu, kuma akwai lokacin da babu shi. Inda gizo ke saƙa ke nan: shin aikakken yana da mafari, ko ba shi da shi? Konstantin ya kira taro a Nikiya, garin da yanzu ake kira Iznik a Turkiyya, a shekara ta 325, bishop-bishop kimanin 300 suka hallara, suka tsayar cewa Ɗan haifaffe ne ba halittacce ba, kuma zatinsa ɗaya da na Uba. Bishop biyu daga Libiya ne kawai suka ƙi sa hannu har ƙarshe, aka kore su tare da Ariyus.

Tsugune ba ta ƙare a nan ba, kuma wannan ne ya sa zancen tilascin sarki ba ya gamsar da ni. Konstantin ɗin da kansa ya sassauto daga baya, kuma Yusibiyus na Nikomidiya, mai goyon bayan Ariyus, shi ne ya yi masa baftisma dab da mutuwarsa a 337. Ɗansa Konstantiyus ya fito fili ya mara wa masu adawa da Nikiya baya. Atanasiyus, wanda ya zama bishop na Iskandariya a 328 kuma ya fi kowa kare matsayin Nikiya, sau biyar ana korarsa daga kujerarsa. Hujjarsa ba ta falsafa ba ce kawai. Ya ce halitta ba za ta iya ceton halitta ba, kuma idan Ɗan halitta ne, to Kiristocin da ke yi masa sujada masu bautar halitta ne. Sai a taron Konstantinoful na 381, a zamanin Sarki Tiyodosiyus, aka tabbatar da matsayin a daular. Ko a sannan ma ƙabilun Got na Turai sun ci gaba da bin ra'ayin Ariyus, waɗanda ke Sifen ba su bar shi ba sai a taron Toledo na 589. Ba na musun cewa ƙarfin sarauta ya yi tasiri, amma ya yi aiki ga ɓangarorin biyu, kowanne da lokacinsa.

Mai Bin Nassi ya rubuta:

Ina girmama Baba da Malama, amma kada mai tambaya ya tashi da zaton cewa magana ta mutu a ƙarni na 4. Har yau akwai masu kiran kansu Kiristoci da ba su karɓi Triniti ba, kuma suna da abin da suke dogara da shi. A ranar Fentikos, Bitrus ya gabatar da Yesu a matsayin mutumin da Allah ya tabbatar da shi ta wurin mu'ujizai, ya kuma ce Allah ne ya mai da shi Ubangiji da Almasihu, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni 2:22 da 2:36. A 1 Timoti 2:5 an ce Allah ɗaya ne, matsakanci kuma ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, wato mutumin nan Almasihu Yesu. Masu wannan ra'ayi suna tambaya: idan wa'azin farko da aka yi wa jama'a bai ce Yesu Allah ne kai tsaye ba, me ya sa za a mai da wannan sharaɗin zama Kirista?

Su ma ba bakinsu ɗaya ba. Shaidun Jehobah, waɗanda suka samo asali daga ƙungiyar nazarin Littafi Mai Tsarki da Charles Taze Russell ya kafa a Amurka a shekarun 1870, kuma suka ɗauki wannan suna a 1931, suna koyar da cewa Yesu shi ne halittar farko, shi ne kuma Mika'ilu shugaban mala'iku kafin zuwansa duniya. Wannan ya yi kusa da Ariyus. Mabiya Sosinus, wani malamin tauhidi ɗan Italiya, a Folan a ƙarni na 16 da na 17 sun wuce nan, sun ce bai wanzu ba sam kafin Maryamu ta ɗauki cikinsa. Kuma an biya wannan ra'ayi da jini: an ƙone Mika'ilu Sabetus da ransa a birnin Janeba a 1553 saboda ƙin Triniti, a ƙarƙashin hukumar Furotesta, ba ta Katolika ba. Ni kaina na fi karkata ga Baba saboda Yohanna 17:5, wadda ban ga yadda mabiya Sosinus za su kauce mata ba, amma ba na jin daɗin yadda ake yi wa waɗannan mutane kallon marasa karatu.

Mai Neman Sani ya rubuta:

Na gode, Baba, na gode Malama da Malam. Na fahimci batun aike, amma saura aya ɗaya da ta tsaya mini a rai. A Markus 13:32 Yesu ya ce ba wanda ya san ranar nan ko sa'ar, ko mala'iku, ko Ɗan, sai Uba kaɗai. Ta yaya Allah zai rasa sanin wani abu?

Dattijon Wusasa ya rubuta:

Ɗana, mabiya Ariyus ma sun matsa wa Atanasiyus da wannan aya, kuma duk wanda ya ce maka mai sauƙi ce bai zauna da ita ba. Amsar da ikilisiya ta bayar ta dogara ne a kan abin da aka tsayar a taron Kalsidon na 451, cewa Almasihu mutum ɗaya ne mai ɗabi'a biyu, cikakken Allah kuma cikakken ɗan Adam, ba tare da sun cakuɗe ko sun rabu ba. Idan mutuntakarsa ta gaske ce, dole ta zo da iyakokinta. Luka 2:52 ta ce ya yi ta ƙaruwa da hikima, wanda ke ƙaruwa da hikima kuwa akwai abin da bai sani ba jiya. Ya ji yunwa, ya gaji har ya zauna a bakin rijiya a Samariya, ya yi barci a jirgin ruwa, alhali Zabura 121 ta ce mai tsaron Isra'ila ba ya gyangyaɗi. A wannan fahimta, rashin sanin sa'ar yana layi ɗaya da yunwar da barcin, haka nan kiran Uba Allahnsa da cewa Uba ya fi shi girma. Wasu malaman tauhidi na ƙarni na 19, musamman a Jamus da Ingila, sun bi ta Filibiyawa 2:7, suka ce da ya ɗauki surar bawa ya ajiye amfani da wasu ikokinsa da son ransa, amma wasu sun ƙi wannan bayani domin suna ganin yana nufin Allah ya sauya.

Ka kuma sani cewa Kalsidon ɗin ma bai sami karɓuwa wurin kowa ba. Kibɗawan Masar da ikilisiyar Habasha da ta Armeniya da ta Siriya sun ƙi lafazin ɗabi'a biyu, suka ce ɗabi'a ɗaya ce haɗaɗɗiya daga Allahntaka da mutuntaka, kuma har yau a kan haka suke. Sai dai saɓaninsu da sauran a kan yadda abubuwa biyun suka haɗu ne, ba a kan ko Yesu Allah ne ba, domin su ma Aƙidar Nikiya suke karantawa a sujadarsu. Malam Mai Bin Nassi ya kawo wa'azin Bitrus, kuma ya yi daidai, amma a wannan littafin na Ayyukan Manzanni, a 7:59, Istifanas yana mutuwa ƙarƙashin jifa ya roƙi Ubangiji Yesu ya karɓi ruhunsa. Ka haɗa wannan da Luka 23:46, inda Yesu a kan gicciye ya miƙa nasa ruhun ga Uba, ka kuma tuna cewa marubuci ɗaya ne ya rubuta littattafan biyu.